Ƙyauren Salansa: Wa Ke da Iko da Muryar Mota?



Na tabbata akwai wanda ya ga sanarwar wannan lacca ya tambayi kansa, shin me ya haɗa malamin Hausa da salansar mota? Abin da ya haɗa su shi ne sauti. Wanda duk ya zauna ajin ilmin furuci an koya masa cewa murya aikin abu biyu ce. Akwai tushe, watau tantanin maƙwallato, wanda iskar huhu ke kaɗawa. Akwai kuma hanyar da sautin ke bi, watau maƙogwaro da baki da hanci, wadda ke tace shi ta ba shi kama. Wani masani mutumin Suwidin, Gunnar Fant, shi ya tsara wannan bayani sosai a littafinsa na 1960. To, mota ma haka take: inji ne tushe, bututun hayaƙi ne hanya. Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wani ɗan ƙyaure da ake dasawa cikin wannan hanya, da kuma rigimar da ta taso a kan wanda zai riƙa buɗe shi da rufe shi.

Kafin mu shiga, sai mu daidaita sunaye. Kalmar salansa aro ce daga Ingilishi, kuma a can ma'anarta abin da ke sa shiru. Bahaushe ya faɗaɗa ta har ta haɗa da bututun gaba ɗaya, shi ya sa za ka ji an ce salansar wane ta cika ƙara, maganar da Bature zai ji kamar an ce bargo ya cika sanyi. Irin motocin da zancen ya shafa kuwa, masu kujera biyu ko huɗu, masu kwanciya ƙasa, waɗanda aka ƙera don gudu da ƙawa, zan kira su motocin sukuwa, domin matsayinsu a cikin motoci shi ne matsayin dokin sukuwa a cikin dabbobin hawa. Misalina mafi yawa daga Porsche 911 zai fito, wadda ake ƙerawa a Situtgat ta ƙasar Jamus.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Duk sa'ad da mai ya kama wuta a cikin silinda, ya tura fistan, sai bawul ya buɗe, hayaƙi mai zafi da matsi ya fita da ƙarfi cikin bututu. Kowace fita bugu ɗaya ce, kamar saukar gula a kan fatar ganga. Injin 911 silinda 6 gare shi, kowace silinda kuwa tana bugu sau ɗaya ne a juyi biyu na inji, watau bugu 3 ke nan a kowane juyi. In inji yana juyi 2,000 a minti, bugu 6,000 ke nan a minti, ko 100 a sakan ɗaya. Ɗaliban furuci za su gane wannan adadi, gama kusan nan ne muryar namiji mai kauri take. In aka taka totur har inji ya kai juyi 7,000, bugun ya zama 350 a sakan, sai sautin ya tashi daga gunji ya koma kururuwa. Yawan silinda da tsarin da suke bi wajen kama wuta su ne ke ba kowace mota muryarta, shi ya sa mai kunne yake rarrabe mota da mota tun ba ta ɓullo kwana ba.

Aikin salansa shi ne ta rage kaifin wannan bugu, kuma dabarunta iri biyu ne. Ɗaya ita ce a raba cikinta ɗaki ɗaki, a tilasta wa hayaƙi ya yi ta kewaye, sautin yana dukan bango yana dawowa yana karo da ɗan'uwansa har su raunana juna. A nan ake amfani da abin da Hermann von Helmholtz, Bajamushen masani na ƙarni na 19, ya bayyana, cewa kowane rufaffen kogo mai ɗan wuya yana da sautin da yake amsawa, kamar yadda yaro ke hura bakin kwalba ko gora ta yi amo. In aka auna girman kogon daidai, sai ya haɗiye sautin da ba a so. Ɗaya dabarar ita ce a huda bututu ƙananan huji, a naɗe shi da wani abu mai kama da auduga wanda wuta ba ta ci, ya tsotse sautuka masu kaifi. Matsalar ita ce, duk yadda aka tsawaita hanyar hayaƙi, haka ake ƙara masa wahalar fita, inji kuwa sai ya kashe wani abu daga ƙarfinsa wajen tura shi. Ga kuma mai saye, wanda ya zuba kuɗi masu yawa, ba ya son motarsa ta yi shiru kamar keken ɗinki.

Mafitar da injiniyoyi suka samo ita ce a yi hanya biyu a cikin salansa ɗaya, doguwa mai kewaye da gajeriya miƙaƙƙiya, a sa ƙyaure a bakin gajeriyar. Ƙyauren ɗan faifan ƙarfe ne mai juyawa a kan sanda. In ya rufe, hayaƙi ya bi ta ɗakuna, mota ta yi ladabi. In ya buɗe, yawancin hayaƙin ya yanke hanya, mota ta saki murya.

Kowa a wannan zaure yana da irin wannan ƙyaure a bakinsa. Ku furta "ba", sa'an nan ku furta "ma". Leɓɓa ba su sake aiki ba, maƙwallato bai sake ba. Abin da ya sake shi ne hanɗa: a "ba" ta ɗaga ta toshe hanyar hanci, a "ma" ta sauka ta bar iska ta bi ta can. Haka yake tsakanin "da" da "na". Hanɗa ba ta ƙirƙirar murya, zaɓen hanya kawai take yi. Ina so a riƙe wannan, domin a kansa ne sauran bayanin ya dogara.

Mai ba ƙyaure umurni

A motocin 911 na shekarun 2000 zuwa wajen 2018, iska ce ke motsa ƙyauren. Inji mai aiki da fetur yana zuƙar iska, wannan zuƙa kuwa ana janyo ta ta wani siririn tiyo zuwa wani ɗan gwangwani mai tantanin roba da ke manne da salansa. In zuƙar ta iso, tantanin ya ja sanda, ƙyaure ya rufe. In ta yanke, wani sifirin ya mayar da shi a buɗe. A tsakiyar tiyon akwai ɗan bawul mai aiki da lantarki, wanda shi ke barin zuƙar ta wuce ko ya tare ta, shi kuwa daga kwamfutar mota yake karɓar umurni. Direba yana da maɓalli a gabansa mai hoton bakin salansa biyu.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, zaman hutun ƙyauren a buɗe ne, shirun ne ke bukatar aiki. An yi haka da gangan, don in wani abu ya lalace kada hayaƙi ya sami hanyarsa a toshe. Na biyu, maɓallin direba roƙo ne yake aikawa, hukunci yana hannun kwamfuta. Masu waɗannan motoci sun daɗe da lura cewa ko sun danna maɓallin ƙara, da zarar mota ta shiga wani tsakanin gudu da ya kewaye kilomita 50 a awa, sai murya ta dushe da kanta, in an wuce wurin ta dawo. Wannan dushewa ita ce ta haifi dukan sana'ar gyare-gyaren da muke magana a kai.

Dalilinta kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun 1970 ƙasashen Tarayyar Turai suke da doka ɗaya a kan ƙarar motoci, kuma ba a yarda a sayar da sabon samfuri sai an gwada shi. A tsohon tsarin gwajin, mota takan taho da gudun kilomita 50 a awa, a taka totur har ƙasa a tsawon mita 20, ga makirufo a kowane gefe, nisan mita 7.5 daga tsakiyar hanya, tsayin mita 1.2 daga ƙasa. Iyakar da aka sa wa ƙananan motoci a 1970 desibel 82 ce, aka yi ta rage ta har ta kai 74 a tsakiyar shekarun 1990. Kada adadin ya ruɗe ku, domin ma'aunin desibel ba kamar mudu yake ba. Ƙarin 3 yana nufin ƙarfin sauti ya ninka biyu, ƙarin 10 yana nufin ya ninka goma, ko da yake kunne yana jin sa kamar ninki biyu ne kawai. Saboda haka saukowa daga 82 zuwa 74 ragi ne na fiye da ninki shida. Motar sukuwa ba ta iya cin wannan jarrabawa da baki buɗe, sai aka koya mata ta yi shiru daidai inda mai jarrabawa yake tsaye.

Wani zai ce wannan ai ha'inci ne irin wanda aka kama kamfanin Volkswagen da shi a 2015 a kan hayaƙin dizal. Akwai bambanci. Waccan na'ura tana gane cewa a ɗakin gwaji take, ta sake hali, in ta hau titi ta koma halinta. Ƙyauren salansa kuwa yana rufewa a wannan gudu ko a filin gwaji ko a tsakiyar gari, kuma hukuma ta san da shi. Amma duk da haka, a ganina, ɗalibin da ya haddace amsar tambayoyin da ya san za su fito ne, ya bar sauran littafin. Masu doka ma sun gane haka. Dokar Tarayyar Turai ta 2014, wadda ta fara aiki a Yulin 2016, ta sake tsarin gwajin, ta ƙara sharaɗin cewa ƙarar mota a sauran gudu da sauran giya kada ta yi nisa da abin da aka auna, ta kuma hana ƙera wata dabara da ba ta da amfani sai na cin gwaji. Ta tsara saukar da iyakar motocin yau da kullum daga 72 zuwa 70 zuwa 68 mataki mataki, amma ta bar wa motoci mafiya ƙarfi rarar 'yan desibel.

Yadda ake ƙwace umurnin

Tun da zaman ƙyaure a buɗe ne, hanya mafi sauƙi ita ce a hana shi samun zuƙa. Wasu sukan zare filogin lantarkin ɗan bawul ɗin nan, aikin da bai kai minti biyar ba. Wasu sukan cire tiyon su toshe bakinsa. A motar Corvette ta Amurka, samfurin da aka yi tsakanin 2005 da 2013, fis ɗaya ake zarewa. Duk waɗannan sakamakonsu ɗaya ne: ƙyaure ya zauna a buɗe dare da rana, maɓallin direba ya zama ado. Masu ɗan tunani sukan bi wata hanya dabam. A tsofaffin 911 akan yanke wayar da ke kai labarin gudun mota ga na'urar da ke sarrafa ƙyauren, sai ta daina sanin an kai kilomita 50, maɓalli ya riƙa aiki yadda aka danna shi. Ko kuwa a ja sabuwar waya daga bawul zuwa wani makunni a kusa da direba, ko a sa ɗan akwati mai karɓar umurni daga maɓallin da ke rataye da makullin mota.

Sababbin motoci sun fi wuya. A 911 da aka fito da ita a ƙarshen 2018, ƙaramin injin lantarki ne ke juya ƙyauren, kuma yana iya tsayar da shi a rabi ko a sulusi, ba buɗe da rufe kaɗai ba. A irin waɗannan, kwamfuta takan lura in an zare filogi ta rubuta laifi a cikin ma'ajiyarta. Saboda haka 'yan kasuwa suka ƙero akwatunan da ake sa wa tsakanin kwamfuta da ƙyaure, suna amsa wa kwamfuta cewa an bi umurninta, alhali umurnin direba suke bi. Wasu kuma manhajar motar suke sakewa ɗungurungum.

To, me ake samu? Yawancin masu yin wannan sukan ce mota ta ƙara ƙarfi. A nan ne misalin hanɗa yake da amfani. Kamfanin Chevrolet da kansa ya bayyana ƙarfin Corvette ta 2008 da doki 430 in da salansa ta kullum, doki 436 in da mai ƙyaure. Bambancin doki 6 ne, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Har ila yau, wannan ƙarin a can ƙololuwar juyin inji yake samuwa, inda kwamfuta ta riga ta buɗe ƙyauren da kanta ko ba a roƙe ta ba. Wanda ya zare fis bai ƙara ko jaki ɗaya ba a kan dawakin nan. Abin da ya ƙara shi ne ƙara a ƙaramin gudu, watau a cikin unguwa, a bakin danja, a ƙofar gida da asuba. Kunne ne ke ruɗin mutum, in ya ji ruri sai ya ɗauka gudu ne.

Akwai kuma hasarar da ba a faɗa wa mai saye. Mun ce a juyi 2,000 inji yana bugu 100 a sakan. Ɗakin mota shi ma rufaffen kogo ne, yana amsa sautuka masu kauri irin wannan, sai a sami wani diri mai cika kai, wanda ba a jin daɗinsa ko kaɗan in tafiya ta yi tsawo a babbar hanya. Ɗaya daga cikin dalilan rufe ƙyaure a ƙaramin juyi ke nan tun asali, ba doka kaɗai ba. Mutane da yawa da suka zare filogi da murna sukan mayar da shi bayan tafiyar awa uku. Sa'an nan tiyon da aka cire ba a toshe shi sosai ba yana shigar wa inji da iskar da ba a auna ba. Ƙyauren da ya shekara bai motsa ba yakan ci tsatsa da baƙin hayaƙi ya ƙage, ranar da aka so rufe shi ya ƙi. Kamfani kuma yana iya ƙin ɗaukar nauyin gyara in ya ga an taɓa wayoyinsa.

Wanda ba a shawarta ba

Zuwa yanzu mun ji ta bakin direba da injiniya. Akwai na uku, wanda bai sayi mota ba, bai kuma danna maɓalli ba, amma kunnensa ne ake amfani da shi. Ido yana da fatar rufewa, kunne ba shi da ita, ko barci mutum yake yana ji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar don nahiyar Turai a 2018, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar titi ya wuce desibel 53, da dare kuwa 45, saboda alaƙar da aka samu tsakanin daɗewa cikin ƙara da rashin barci da ciwon zuciya. In muka koma ga lissafinmu na ɗazu, mota ɗaya da ta ɗara 'yan'uwanta da desibel 10 daidai take da motoci 10 da suka wuce a tare.

Shi ya sa hukumomi suka tsananta. A Jamus, sashe na 19 na dokar rajistar motoci ya ce izinin hawa titi yana faɗuwa in aka yi wa mota gyaran da ya ƙara mata hayaƙi ko ƙara, kuma birnin Hambug ya kafa rundunar 'yan sanda ta musamman a 2017 don masu yawon nuna mota. A Ingila, dokar 1986 ta hana a sake salansa don ta ƙara ƙara, kuma a 2020 unguwar Kensintin da Celsi ta London ta fara kafa kyamarori masu kunne, waɗanda ke ɗaukar lambar mota in ta wuce iyaka. Faransa ta fara gwada irinsu a 2022. Jihar Niyok ta Amurka ta ɗaga tarar wannan laifi zuwa dala 1,000 a dokar da aka sa wa hannu a 2021.

Ni dai ba na cikin masu cewa son muryar inji wauta ce. Al'ummar da ta san darajar tambari da kakaki da bindigar hawan salla ba ta da bakin cewa ƙara ba ta da daɗi. Amma tambari yana da ranarsa da wurinsa, ba a buga shi a ƙofar asibiti. Abin da na ke gani shi ne, gyare-gyaren nan ba hukuncinsu ɗaya ba. Wanda ya kashe ƙyaure ya bar shi a buɗe ya mayar da mota mai murya biyu ta zama mai murya ɗaya, ya biya kuɗin na'ura sa'an nan ya lalata ta. Wanda ya sa makunni na gaskiya, mai buɗewa da rufewa, ya ƙara wa kansa iko, ya kuma ɗauki alhakin da dā ke wuyan kwamfuta, ko da yake a ƙasashen da na ambata doka ba ta cika rarrabe su ba in dai a kan titin jama'a ne.

Wani abin sha'awa shi ne, akwai masu neman wannan iko don su ƙara shiru. Waɗannan motoci sun fi ƙara a lokacin da aka tayar da su da sanyin safiya, domin inji yana ɗaga juyi don ya ɗumama matatar hayaƙi, kuma a masu aiki da zuƙa ƙyaure yana buɗe har sai zuƙar ta taru. Kamfanin Ford ya sa wa Mustang ta 2018 wani tsari da mai mota zai zaɓi awoyin da za ta riƙa tashi da ƙyaure a rufe, alal misali daga dare zuwa safiya, saboda maƙwabta. Filayen tsere ma suna da tasu iyaka. A Laguna Seka ta jihar Kalifoniya akwai ranakun da ba a yarda mota ta wuce desibel 90 ba, sai ka ga mai motar sukuwa yana neman dabarar riƙe ƙyaurensa a rufe don kada a fitar da shi daga fili. Wannan kuwa yana da nasa haɗari, gama toshe gajeriyar hanya alhali inji yana iyakar aikinsa yana tara zafi da matsi a bututu.

A ƙasarmu motocin sukuwa kaɗan ne, kuma ƙarar da ta fi damunmu ta janareto ce da ta baburan da aka fasa wa salansa, ko da yake Nijeriya tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta tarayya. Amma ƙyauren ya iso mu ta wata hanya. Wasu motocin BMW masu silinda 6 na shekarun 1990 da farkon 2000, irin su 328i da 330i, waɗanda aka shigo da su na hannu da yawa, suna da shi a ɗaya daga cikin bakunan salansarsu biyu. In aka kashe inji aka leƙa, za a ga faifan a buɗe. In aka tayar da mota tana tsaye, sai ya rufe, hayaƙi ya riƙa fita ta baki ɗaya. Bakanikan da bai san zancen ba yana iya cewa salansa ta toshe, ya kawo shawarar a fasa ta ko a saya sabuwa. Kafin a yarda, sai a sa wani ya taka totur inji ya ɗaga sosai, a duba ko faifan ya juya. In ya juya, lafiyarta lau.